Kabewar Basha

Ban taɓa mantawa da ranar da aka raba ni da awaki tamanin saboda kare ɗaya ba. Lokacin ina mataimakin likitan dabbobi a wani ofishin gona gabas da Makwar, a ƙasar Sudan. A watan Satumba ne, ina tsakiyar yi wa awakin wani ƙauyenmu allurar rigakafi, sai ga direba ya zo da saƙo wai mufattish na nemana maza.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, mufattish shi ne babban jami'in yanki. Kowane manomi yana da hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa, ruwa kuma bi da bi ake sakinsa daga tura'a, wato babbar magudanar ban ruwa. Gafir ne mai buɗe ƙofar ruwan, amma ba ya taɓa ta sai da sa hannun mufattish.

Namu sabon zuwa ne daga Khartum, ya taho da wani dogon kare mai gashi, sunansa Basha. Na tarar da Basha kwance ƙarƙashin fanka, kwana uku cikinsa na gudu. Na duba shi da ladabin da ya dace da muƙaminsa. Mai dafa abinci ne ke ɗura masa ragowar miya da yaji da mai. Na rubuta cewa a ba shi farar shinkafa, abin marmari kuma dafaffiyar kabewa, ɗan karas, yankan ayaba, ko kankana da aka cire wa 'ya'ya da ɓawo, duka kaɗan-kaɗan. Albasa da tafarnuwa da inabi kuwa, ko kusa, domin guba ne a cikin kare. Sannan na buga hatimi, don a aikinmu takarda marar hatimi hira ce.

Kuskuren ke nan. Gidan mufattish da ofishinsa haraba ɗaya suke, sai ya sa aka manna takardar a allon ƙofa don mai dafa abinci ya riƙa gani. A allon nan ake manna jadawalin ruwa. Mutanenmu kuwa sun daɗe da gwamnati, sun san ba ta rubuta sunan kayan lambu a banza. Kafin mako ya zagayo, kwandunan kabewa da karas da ayaba sun yi layi a harabar, kowanne da sunan mai shi da lambar hawasharsa. Ba wanda ya nemi cin hanci, ba wanda ya bayar. Dubiyar marar lafiya ake zuwa.

Ana haka Baba Idi ya same ni. Dattijo ne da ke can wutsiyar tura'a, inda ruwa ke isa a gajiye in ya isa. Shi da maƙwabtansa sun rubuta koke sau uku, dawarsu ta fara naɗe ganye, in ta ƙara mako guda ba ruwa shekarar ta tafi. Abin da ya rage masa na kai wa manya shi ne albasar bara, ga shi na haramta ta da hatimi.

"Ustaz," ya ce, "kai ɗanmu ne. Mi albasa ta yi ma gwamnati?"

Na yi masa bayanin cikin kare, ya saurara kamar mai jin huɗuba da wani yare. Na tambaye shi ko yana da kabewa. Ya ce akwai 'yar yaɗo da tsohuwarsa ta shuka a gefen hawasha, ita ma ƙishirwa na neman kashe ta.

Bayan kwana biyu aka sake kirana. Mai dafa abinci ya ga arziki ya tasa Basha gaba da ayaba da mangwaro har cikin ya sake ɓallewa. Mufattish ya ce in karen bai tashi ba zai mayar da ni can bayan Rusairis in yi ta kula da jakuna. Na ce yawa ne ya yi yawa, a dakatar da komai sai kabewa. Na kuma ƙara, da fuskar likita, cewa nunanniyar kabewa sabuwar tsinka ake so, irin ta ƙasar wutsiyar tura'a, sai dai abin takaici tana bushewa.

"Bushewa? Me ya sa?"

"Ruwa, ya mufattish."

Bai tambayi kome game da dawa ba. Ya jawo takarda ya sa hannu, kafin la'asar gafir ya buɗe ƙofa. Dawar gidaje arba'in ta sha albarkacin kabewa ɗaya.

Yau da na yi ritaya zan iya faɗa muku cewa kowace kabewa ta kasuwar Rufa'a za ta yi aikin. Abin da na koya shi ne, a aikinmu ka fara gano wanda ciwonsa ke hana maigida barci, ka rataya kokenka a wuyansa. Kuma ka san allon da za a manna takardarka kafin ka buga hatimi.

Baba Idi bai taɓa yarda kare ya shinshini tufarsa ba, amma duk haɗuwarmu sai ya tambayi jikin Basha. Ranar da na ce masa ya warke sarai, sai ya dubi tura'a.

"To, Allah ya ba shi lafiya," ya ce. "Amma kada ta yi yawa."