Ciwon Ƙafar Inna Dije Mai Gabu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina cikin dakan lawashi waya ta yi ƙara, anka ce mini Inna Dije mai gabu ta Shagari ta rasu. Da taɓarya a hannu na zauna ƙasa.

An ce ta yi sallar asuba, ta sha kununta, ta kishingiɗa, ke nan. Tsufa ne, ba jinya. Alhamdulillahi.

Ku da kuke yi mini odar gabu a nan, ku sani ƙamshin da kuke yabo nata ne.

Shekarar da maigidana ya kwanta ciwo, ni da yara uku a Dingyadi sai abin da 'yan'uwa sunka kawo muke ci. Na ga lawashi zube a gonaki bayan an cire albasa, awaki na ci. Na ce ai gabu ba wuya, daka ne da dunƙulawa da shanya. Ni mai wayo! Na dunƙula shi manya-manya don ya ɗauki ido, bayansa na bushewa na ƙulle a leda, sai kasuwar Shagari.

Matar da ta fara saye ta dawo kafin azahar, ta fasa ɗaya gaban jama'a. Ciki ɗanye sharaf, duk ya yi funfuna. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara naɗe tabarma, na ce ni da sana'a har abada, ko da za mu kwana da yunwa.

Tsohuwar da ke gefena, wadda ko gaisuwar kirki ban yi mata ba, ta riƙe bakin tabarmar. Inna Dije ke nan.

"Ɗiyata, ina za ki? Gaugawa kiy yi, ba sata kiy yi ba. Zamna."

Sati uku ina zarya gidanta tana koya mini. A dunƙula ƙanana kamar goro. A juya safe da yamma. Ba a sa shi a leda sai ya bushe har ciki. Kuma ki fasa ɗaya gaban mai saye tun bai tambaya ba. Faɗa kuwa na sha shi, Inna ba ta iya lallashi ba.

Ranar da na koma kasuwa ba ta fito ba. Ta aiko cewa ƙafa ke damunta, in zauna a wurinta, masu nemanta su saya a hannuna. Kafin la'asar kwandona ya ƙare. Ranar munka ci tuwo da nama a gidanmu.

Daga baya na ji mata da yawa ta yi wa wannan ciwon ƙafar. Da na tsare ta, dariya ta yi. "Ƙahwar tsohuwa kullum da ciwo take. Ni ka zaɓen ranar da zan ji shi."

Sati biyu da sunka wuce na je gaishe ta, ina rawar kai ina nuna mata odar da ake turo mini daga Sakkwato. Ko kallon wayar ba ta yi ba. Ta ɗauki gabu ɗaya, ta fasa, ta sunsuna.

"Ya bushe."

Iyakar yabon da ta taɓa yi mini ke nan, kuma ya ishe ni.

Bari in tona kaina. Akwai Saratu, wata baiwar Allah daga Horo Birni da nake koya wa. Gabunta ya yi kyau tun watan jiya, amma ina ta ja mata rai, tsoro nake kada kwastomomina su saba da ita.

To, kasuwa mai zuwa in kunka zo ba ku gan ni ba, Saratu na wurina, ku saya a hannunta. Ƙafata ke ciwo.

Allah Ya jiƙan Inna Dije, Ya haskaka makwancinta, Ya sa duk tukunyar da ta hau wuta ta dalilinta ta zame mata shaida. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a.