Uwale, Mai Goyon Ƴaƴan Fari

Duk ranar awon jarirai, kafin a buɗe gidan likita na Dakoro, Uwale ta riga ta share gindin gawo, ta shimfiɗa tabarmi, ta ɗora ruwan zafi. Aikin da kumandan, Baturen mulkin garin, ya ɗauke ta ke nan tun da aka gina wurin: shara da dafa ruwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa ba ya cikin abin da aka ɗauke ta ta yi.

Da Nasara suka kawo awon jarirai da rabon madarar gwangwani, mata masu ƴaƴa uku huɗu ba su daɗe ba suka saba, har gardama suke yi da ma'auni in bai faɗi abin da suke so ba. Masu ɗan fari ne aiki. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in an tambayi lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai. Malamin likitan, mutumin Dahomai ne mai haƙuri, zai tambaya ko yaro na shan nono, ko yana zawo, yarinya sai dai ta yi ta murɗa bakin zane. Haka za ta koma gida da ɗanta yadda ta kawo shi. Akwai waɗanda ba a sake kawowa ba, kuma har yau abin na ci mini rai.

Wata damina wata yarinya, Azara, ta taho a ƙasa daga Birnin Lalle. Uwarta ta rasu, uwar mijinta na gona, ba mai yi mata baki. Jaririnta ya rame, ko kukan kirki ba ya iyawa. Ta tsaya nesa da tabarmi kamar wadda ta zo rakiya, har layi ya ƙare ba ta matso ba. Tana juyawa za ta tafi, Uwale ta yar da tsintsiya ta sha gabanta.

"Ke ɗiyata, ina za ki da ɗana? Miƙo min shi nan."

Ta karɓe shi ta goya, ta ja Azara bayan zana inda ba ido.

"To, gaya min, mi kinka yi ma ɗana ya koma haka?"

Azara ta ɗago kai. "Inna, ɗanki ba shi riƙe nono. Da ya sha sai shi maido. Jikinai zahi rau, ni ko kwana ban iyawa." Sai magana ta ɓalle mata, hawaye na bi. Tunda yanzu ɗan ya zama na Uwale, ba kunyar da za ta hana ta faɗi.

Uwale ta kai wa malamin likita bayani tsaf, ya ba da magani, ya ce kada a yi nisa da yaron. Gidan Uwale suka sauka. Kullum da la'asar takan ƙirƙiro aike ta fice, ta bar uwa da ɗa su kaɗai. Maƙwabciyarta Hawwa'u ta rantse mini ta sha jin Azara ta bayan danga tana yi wa yaron waƙa, da an yi sallama kuma ta ajiye shi ta ɗaure fuska. Kafin a yanke gero Mamani, sunan yaron ke nan, ya yi kumatu.

Labari ya kai Kornaka, ya kai rugage. Masu ɗan fari suka riƙa zuwa suna tambayar ina Inna take, sun kawo mata ɗanta. Aka taɓa tsokanar mijinta Rabo kan yawan iyali, ya ce, "Ni dai kullum haihuwa aka yi mini, kuma ko rago guda ban yanka ba."

Uwale, ke ce bayan da bai taɓa cewa ya gaji ba. Ke ce ba ki zagi al'ada ba, ba ki kuma bari ta ci ran yaro a gabanki ba. Shekara goma da ɗoriya kina wanke zannuwan da ƴaƴan wasu suka jiƙa, kina dariya.

Bana ƙugu ya ƙi, likita da kansa ya hana ta goyo. Za ta zauna gida, kuma ta cancanci hutun. Mun gode, Inna. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiya.

Sai dai masu ɗan fari ba su daina zuwa ba, kunya kuma ba ta yi ritaya tare da ita ba. Matan Dakoro, aikin nan ba ya buƙatar takardar lakkwal, wato ta makarantar boko. In kun ga yarinya tsaye nesa da tabarmi tana kallon ƙasa, kada ku tambaye ta abin da ya kawo ta. Ku miƙa hannu, ku ce ta ba ku ɗanku.