Shu'ibu Mai Fito da Ƙabilar Fitawa

An haifi Shu'ibu a shekarar da kogi ya cika ya raba Kirikasamma da Haɗeja wata biyu cur. Uwarsa 'yar Mangawa ce, wani reshen Barebari, ta je goyon ciki gidan iyayenta, ruwa ya rufe hanya a bayanta. Ubansa Hamman Bafulatanin gida ne, shanunsu sun ƙare tun zamanin kakansa, yana ɗinkin hula a cikin birni. Uwar Hamman kuwa, Barira, Bahausa ce 'yar Auyo.

Ranar suna ta zo, ba wanda ya iso daga dangin uba. Yakaka, kakar jaririn ta wajen uwa, ta ce ba za a bar yaro da fuska fayau kamar bayan ƙwarya ba, ta kira wanzami ya yi masa tsagen Mangawa. Ya gama kuncin dama ke nan yana wasa aska, sai ga kwalekwale ya tsaya a ƙofar gida, Barira ta diro da zani jiƙe sharkaf. Ta ga jini a fuskar jikanta, ta yi salati ta sure shi. Aka yi ta cacar baki, ita da Hausa, Yakaka da Barbarci, ba wadda ta ji abin da 'yar'uwarta ke faɗa. Liman ne ya raba gardamar, ya ce kunci biyu ne, kaka biyu. Aka bar wa Barira na hagu, ta sa aka yi masa bille ɗaya irin na gidansu. Da labari ya kai wa Hamman ya ce to shi me aka bar masa? Aka ce hanci. Hancin kuwa nasa ne sak, dogo siriri.

Shu'ibu bai gaji allura ba. Tun yana saurayi ya kama sana'ar fito a mashigin kudu da gari, yana tsallakar da mutane da jakuna da buhunan gyaɗa. A nan ya koyi Badanci a bakin masunta, ya ƙara a kan Hausa da Barbarcin da ya sha a nono, ga ɗan Fulatancin da ya isa a lallashi saniya ta shiga ruwa. In Mangawa suka shigo jirgi sai ya zauna ta yadda kuncin dama zai fuskance su, in fataken Kano ne ya juya musu na hagu. Ba yaudara yake nufi ba, ya dai lura mutum ya fi zama lafiya a kan ruwa in ya ga nasa ne ke riƙe da gora. Ya auri Saude, 'yar Badawa mai bandar kifi. 'Yarsu Ramatu ce ta ba ni wannan labari, tana tsohuwa tukuf.

Bayan yaƙin Bama da 'yan shekaru aka zo da ƙidaya. Takardar tana da gida-gida: Hausa, Fulani, Barebari, Badawa, Yarbawa, Ibo, Kwarori, Turawa, kowane mutum sai an sa shi a gida guda. Malamin da aka ba unguwar su Shu'ibu wani saurayi ne, Malam Abdulwahid, bai daɗe da gama makaranta a Kano ba. Da safe ya shiga jirgin Shu'ibu, ya zauna ta dama, ya dubi tsage, ya tambayi suna da sunan mata, ya rubuta Babarbare. Da la'asar ya bi gida-gida, rana ta gama dafa shi, ya tarar da wani mutum a zaure yana gyaran gora, ya ga bille, ya rubuta Bahaushe. Washegari abokin aikinsa ya zo cike giɓi, bai sami kowa a gidan ba, ya tambayi mai unguwa. Mai unguwa ya ce ai ɗan Hamman ne, aka rubuta Bafulatani.

Baturen da ke duba takardun mutum ne mai son al'adun mutane, har littafi yake haɗawa. Yana bin layi da fensir sai ya ci karo da mace guda, Saude, mai miji uku, kowanne Shu'ibu, kowanne mai fito, kowanne da ƙabilarsa. An ce ranar ko abinci bai ci ba don murna. Ya aika a kira Saude da mazajenta.

Saude ta ɗaura mayafi ta zo da Shu'ibu. Bature ya leƙa bayansu, ya sa tafinta ya tambaya ina sauran biyun.

"Ranka ya daɗe," in ji Saude, "wannan ɗayan ma da ƙyar nake iyawa da shi."

Bature ya fito da wani littafi mai zanen fuskoki. Ya tsaya ta dama ya buɗe shafi, ya zagaya ta hagu ya buɗe wani, ya dawo gaba ya auna hancin da zare. Ya zagaya Shu'ibu sau huɗu, Shu'ibu na binsa da ido kamar rago a kasuwa. Can ya ce da tafinta, "Tambaye shi, su wane iri ne?"

Shu'ibu ya yi tunanin kakar da zai ɓata wa rai a kabari. Ya ce, "Mu dai 'yan fito ne."

Tafinta ya gaji, azahar ta kusa wucewa, ya juya maganar yadda ta zo masa. Bature ya ɗauki rula ya ja sabon gida a gefen takarda, ya rubuta Fitawa, a ƙarƙashi ya sa mutum ɗaya.

Kafin Juma'a labari ya gama gari. Ashe akwai mutane da yawa da malaman ƙidaya suka matsa wa su zaɓi tsakanin uwa da uba. Ya'u mahauci ne ya fara zuwa mashigi, ya durƙusa ya ce shi ma Bafice ne, a sa shi. Sai 'Yar'azumi mai ƙosai, wadda aka tsinta a kasuwa tana jaririya, ba ta san wa za ta ce ba. Sai wani tela Bayarabe, haifaffen Haɗeja, wanda bai san ko sannu da Yarbanci ba. Har 'ya'yan wani Kwara, Balarabe mai awon gyaɗa a garin Malam Madori, suka aiko, uwarsu Bafulatana ce. Shu'ibu ya yi ta cewa shi ba sarki ba ne, a bar shi ya yi aikinsa, amma duk wanda ya tsallakar sai ya tafi wajen Malam Abdulwahid ya ce an karɓe shi. Cikin sati biyu Fitawa suka kai sittin da uku.

Bature ya ce yanzu saura yare. Saude ta ce da mijinta, "Malam, ka je ka faɗa masa gaskiya, kada mu kwana a gidan yari." Shu'ibu ya je ya rantse babu wani yare. Bature ya yi murmushi ya rubuta cewa Fitawa suna ɓoye harshensu ga baƙi. Ya sa aka kafa masa kujera a gindin tsamiyar mashigi, kwana uku yana rubuta duk ihun da Shu'ibu ke yi wa dabbobi da fasinja. Tafinta ya ce a ƙarshe an sami kalma goma sha ɗaya ta jaki, ba a sami ta godiya ba.

Rana ta huɗu ya ce zai shiga jirgi ya ji yaren a kusa. Aka saka shi tare da wani jaki mai ɗauke da kanwa. Suna tsakiyar kogi ya miƙe tsaye don ya auna kan mai jakin. Shu'ibu ya daka masa tsawa da Hausa tsantsa, "Zauna, Bature!" Jaki ya firgita, jirgi ya kife. Shu'ibu ya cafko Bature ta wuyan riga ya fito da shi, ya koma ya fito da jakin. Littafi kuwa ya bi ruwa ya nufi ƙauyen Baturiya. Zazzaɓi ya kama Bature, aka sa shi a jirgin ƙasa, bai sake dawowa ba.

Wanda ya gaje shi ba ruwansa da al'ada. Ya ga gidan da aka ja da rula, ya ce babu shi a takardar gwamnati, a raba mutanen cikin sauran gidaje kafin gobe. Malam Abdulwahid ya zauna ya yi ta cusa su duk inda ya ga fili. Fitawa suka watse ba tare da an gaya musu ba. Ya'u mahauci ne kaɗai ya ci gaba da amsa sunan har ya mutu.

Sai bayan shekara shida Malam Abdulwahid, a lokacin ya zama babban malami, ya shiga jirgin Shu'ibu. Suna tsakiyar ruwa ya ce, "Baba, akwai abin da ke damuna. Ranar nan da na zo kanka duk gidajen sun cika maƙil. Wuri ɗaya ne ya rage."

"Ina?"

"Gidan Turawa. Su huɗu ne a garin nan, da kai biyar."

Shu'ibu ya ci gaba da tuƙi har suka kai gaɓa. Sannan ya ce, "Malam, na ji an ce Turawa suna da wani abu wai shi hutu."

"Suna da shi, Baba."

Washegari ya ɗaure jirgi, ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya kwanta ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Shekara talatin bai taɓa fashin aiki ba sai ranar. Mutane suka taru a tsallake suna ƙwala masa kira da yare huɗu, yana jinsu ya rufe ido. Saude ta kawo masa fura, ta tsaya tana kallonsa. Ya juya dama, ya juya hagu, ƙudaje suka dame shi, bayansa ya fara ciwo. Ana kiran azahar ya tashi ya naɗe tabarma, ya ce lallai Turawa suna da haƙuri, ya kwance jirginsa.

Ya yi fito har idonsa ya raunana. Ya rasu da kaka, ana saura shekara guda a ba da mulkin kai.