Ina Hansai Za Ta Koma?

Hansai jikar mahajjatan da suka yada zango a N'Djamena ce. Shinkafa da wake take sayarwa a kasuwar Dembé, 'yan kudu da 'yan arewa suna ci a kan benci ɗaya. Da zaɓe ya matso, zugar 'yan siyasa ta cika wayoyi, har daga Turai. 'Yan kudu suka ƙaurace mata, wai 'yar arewa ce. Ta roƙi wani dillali ɗan arewa ya turo mata mutanensa.

Ya ce, "Yaya Hansai, mu kuma cewa ake yi ke baƙuwa ce, 'yar Nijeriya."

Ta fashe da kuka. "A unguwar Ambassatna ta nan N'Djamena aka binne cibiyata. Ina zan koma?"

Wata bai ƙare ba ta rufe rumfar.