Yadda Na Tsallaka Ruwa Sau Bakwai Don In Makara

Concourse Village, ƙarfe 6:10 na safe

Ina idar da sallar asuba na kafa ɗaurin ɗankwali, na ja akwati na fito. A ciki akwai kwafi talatin na littattafaina huɗu da aka buga a Kano, da ƙullin dambun nama. Ku da ke gida kun san ni da sunan marubuciya. To, shekarata bakwai a New York, kuma ban rubuta komai ba sai sa hannu a takardar aiki. Aikin kuwa, duk wanda ya tambaya cewa nake "harkar lafiya", in yi sauri in sauya zance.

Amina ce ta jawo tafiyar, 'yar Zangon Kumasi, abokiyar aikina. Ta ce akwai wata marubuciya, Malama Marisela, 'yar asalin Puerto Rico, da ke tara mata duk Asabar a tsibirin Staten Island suna koyon rubutu.

"Anti Talatu, na ba shi labarinka, ya ce ka zo ka yi mana karatu. Ten o'clock. Kar ka yi late, ka ji?"

Ni kuwa da jin haka sai na hango babban tebur da farin ƙyalle, da mai gabatarwa yana jero sunayen littattafaina. Na ce a raina, Allah Ya kawo ranar da Amurka ta san da zamana.

Jirgin ƙasa, 6:30 zuwa 7:15

Tsoron ɓata ne ya fito da ni da sassafe. Na shiga jirgi mai lamba huɗu, dala biyu da 'yan kai. Duk wanda ke ciki ma'aikaci ne yana gyangyaɗi, ni kaɗai ce da leshi da sarƙa. Babu wanda ya ɗaga ido. A Kano da tuni wata ta tambaye ni inda na sayi yadin.

Tashar jirgin ruwa ta Manhattan, 7:20

A ƙofar shiga akwai jami'i da kare. Karen ya wuce kowa, ya zo ya kafa hanci a akwatina.

"Mene ne a ciki?" in ji jami'in.

"Littattafai. Ni na rubuta su."

Ya buɗe, ya ture littattafan gefe, ya ɗaga ƙullin dambu ya shinshina, ya mayar. Wanda ya fara nuna sha'awar kayana a ƙasar nan ke nan, kuma ba don rubutun ba.

Jirgin ruwan kyauta ne, minti ashirin da biyar, tafiyar kamar mil biyar. Ƙarfe takwas saura biyar na sauka a St. George, tashar Staten Island.

St. George, da komawa, da dawowa

A nan hankalina ya tashi. Saura awa biyu! Ina aka taɓa ganin babbar baƙuwa ta riga masu jera kujeru? A gida in an ce ƙarfe goma, sha ɗaya ake gwada lasifika, sai zaure ya cika sannan a shigo da ke ana miƙewa. Na dubi jirgin da ba a biyan ko sisi, na ce ga mafaka.

Na koma Manhattan, na dawo. Na sake komawa, na dawo. Doka ce kowa ya sauka a kowane ƙarshe, don haka duk zuwa sai na ja akwati na zagayo ta gaban karen, har ya daina kula ni. Goma da minti ashirin da biyar ina St. George, na ga makarar ba ta kai ta mutunci ba, na ƙara zagaye ɗaya. Amina ta kira sau uku. Na bar wayar tana ruri, ina jin daɗi ana nemana.

Ɗakin taro, 11:45

Daga tasha hawa ne na minti goma sha biyar, na isa ina haki. Ɗaki ne a ƙarƙashin wani gini, ba tebur, ba ƙyalle. Mata suna saka riguna za su tafi. Wata dattijuwa mai furfura, da takalmin roba, tana naɗe kujeru bibbiyu. Na miƙa mata akwatin na ce ta kai ni wurin Malama.

"Ni ce," ta ce, ta karɓi akwatin kuma.

Kujera ɗaya ce ba a naɗe ba, an manna takarda da sunana a jikinta.

"Anti, ka ba ni kunya paa!" in ji Amina. "Aron ɗakin nan yake yi. Ƙarfe sha biyu masu rawa za su shigo. Wannan uwa ya bar aikin yau don ya gan ka."

Ta nuna wata tsohuwa 'yar ƙasar Honduras, riƙe da littafin rubutu. Na ce, cikin kame-kame, ai ban san littattafaina sun kai nan ba.

Malama Marisela ta yi murmushi. "Ba mu iya karanta su ba. Amina ce ta ce mana kina wanke tsofaffi kina canza musu shimfiɗa kamar yawancin matan nan, kuma kin rubuta littafi huɗu. Shi suka zo gani."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da nake ɓoyewa shekara bakwai, ashe shi ne katin gayyatar.

Tsallakawa ta takwas, 12:30

Na yi zaton shi ke nan. Sai Malama ta tafa hannu ta ce duk mai sauran lokaci ta biyo ta, akwai zauren da ba ya buƙatar aro. Mata shida suka biyo mu har cikin jirgin nan dai.

A hanya ta ba ni labarinta. A kan waɗannan kujerun ta fara rubuta waƙa tana budurwa, lokacin da take tsallakawa kullum zuwa aikin wanke kwanuka. Daga baya ta yi karatu, ta koyar a sakandare sama da shekara ashirin, ta fitar da littattafan waƙa uku waɗanda, in ji ta, 'yan uwanta ne suka saye rabi. Ajin Asabar a shagon wanki ta fara shi, tsakanin injina. Rubutun matan da kanta take ɗinke shi da zare ta raba musu.

"Yaushe kike samun lokacin naki?" na tambaya.

"Minti ashirin da biyar zuwa, ashirin da biyar dawowa. Ke yau sau nawa kika tsallaka?"

Na faɗa. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kusan awa uku! Me kika rubuta?"

Sai ta ce in tashi in karanta.

Na tsaya, jirgi na jijjiga, na karanta shafi uku da Hausa, Amina na fassarawa yadda Allah Ya hore mata. Ina rufe littafin, wani mutumin Nijar mai tallar huluna da ke bayanmu ya ce, "Madame, to mi ya samu yarinyar daga baya? Kar ki bar mu haka hwa!"

Tsohuwar nan 'yar Honduras kuwa ta kama hannuna ta juya tafin, ta ɗora nata kusa da shi. Duk biyun sun yi kaushi iri ɗaya, na ruwan zafi da sabulu. A nan na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Muka cinye dambun kafin mu sauka. Malama ta ba ni aikin gida: shafi biyu, kan gaskiya.

Gida, 2:20 na rana

Na iso lafiya da kwafi ashirin da tara, ɗaya na wurin mai huluna. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, sai Amina da ba ta iya rufa asiri ba, sai Malama Marisela.

Wannan da kuke karantawa shi ne aikin gidan, ya ma zarce shafi biyu. Aikina a New York kula da tsofaffi ne, wanka da ciyarwa da kwashe abin da ya kama, kuma shi ke biyan kuɗin makarantar da nake aikowa. Malama ta ce aji ƙarfe goma ne. Na ce ta bar mini kujerun, tara da rabi zan zo in jera.