Gishirin Malama

Albasa take soyawa ranar da Malama ta gane abin da ya same ta. Man ya yi zafi, albasar ta fara ja, hayaƙi na tashi har yana dusashe gilashin taga, amma hancinta bai ji komai ba. Ta sunkuya kan kaskon har tururi ya jiƙa mata fuska. Babu. Ta lakaci gishiri ta ɗora a harshe, sai ta ji kamar yashi ta tauna. Ta matse lemon tsami a baki, ruwa ne kawai mai sanyi. Kwana tara ke nan da ta tashi daga wata mura mai zafi, ta ɗauka sun rabu lafiya. Ashe murar ba ta tafi hannu rabbana ba.

Malama ba ta taɓa riƙe alli ba. Shekara goma sha tara ta yi tana girki a wata makarantar kwana, tana juya tukunyar da babban mutum zai iya zama a ciki. A shekarar da maigidanta ya rasu aikin ma ya ƙare. 'Yarta ce ta damƙa mata waya ta ce, "Umma, ƙawayena sun ishe ni da a tambayo musu ke yadda ake kaza da kaza. Ki gaya musu da bakinki mana." Da mata shida aka fara. Kafin shekara huɗu sun kai ɗari da arba'in, yawancinsu waɗanda aure ko karatu ya kai ƙasashen waje, masu shiga kanti su tsaya suna kallon ganyen da ba su san sunansa ba. Don haka suka riƙe ta. Kowane mako takan ɗauki abin da ake samu a irin waɗannan kantuna, ta haɗa sabon girki, ta yi ta ɗanɗanawa har ya zauna, sannan ta tura musu ma'auni, cokali kaza, kofi kaza. Ranar Asabar da la'asar a haɗu ta bidiyo, tana dafawa suna kallo.

Ajin bai damu da inda take ba. Ta yi shi wata takwas a kicin ɗin ƙanenta a wata ƙasa, ta yi shi a ɗakin haya mai murhu ɗaya a wata. Yanzu tana hawa na shida, a gidan 'yarta mai ciki wata biyar, a garin da ba ta jin ko gaisuwar mutanensa. Kicin ɗin idan ta buɗe firji sai ƙofar ta daki murhu. Ta maƙale wayarta a jikin kantar kwanuka, ta rataya fitila a ƙusar tawul. Tun ranar da ta sauka ta faɗa wa 'yar da mijinta ita ba zaman cima-zaune ta zo yi ba. Sana'arta ce ta kawo ta, ita ce kuma za ta riƙe ta. Macen da ta ciyar da yara ɗari bakwai ba za ta zauna gidan suruki tana jiran a zuba mata ba.

Ta je wajen likita ita kaɗai, ta ce wa 'yarta kanti za ta. Likitan ya yi magana, wayarta ta fassara mata: jin ƙamshi da ɗanɗanon zai iya dawowa nan da wata guda, zai iya kai shekara, zai iya ƙin dawowa. Ya ba ta wasu 'yan kwalabe huɗu ta riƙa shinshinawa safe da yamma. Ta ɓoye su a ƙasan akwati, cikin safa.

Da tsofaffin girkunanta ne, da ido rufe ma za ta yi. Amma gishirin ƙasar nan ya fi wanda ta sani laushi da ƙarfi, tumatirinsu na gwangwani wani zaƙi wani tsami, dunƙulen ɗanɗanonsu kowane kamfani da nasa hali. Sai da harshe. 'Yarta kuwa ko warin mai ta ji sai ta ruga banɗaki. Biskit da ruwan zafi take rayuwa a kai. Saura mutum ɗaya.

Surukin nata direban bas ne, dogo, marar hayaniya. Yakan fita da asuba ya dawo ƙarfe biyu, ya durƙusa daga bakin ƙofar kicin ya gaishe ta, bai taɓa ɗaga ido ya kalli fuskarta ba. Sai Malama ta mai da shi harshenta ba tare da ya sani ba. Ta zuba masa sabon girkin, ta koma bayan labule tana leƙen fuskarsa. Ya cinye tas, ya kawo kwanon da hannu biyu.

"Yaya ka ji miyar, ɗana?"

"Ta yi daɗi ƙwarai, Umma. Allah ya saka da alheri."

Ta rubuta ma'aunin ta tura wa mata ɗari da arba'in.

Mako na biyu saƙonni suka fara shigowa. Wata ta ce ko Malama ta yi kuskuren rubutu ne, cokali uku ko ɗaya? Wata ta turo hoton yaranta sun ture kwano. Mako na huɗu aka daina tambaya. Sai dai ta buɗe waya da safe ta ga wance ta fita, wance ta fita, a jere kamar sunayen waɗanda suka faɗi jarrabawa. Ta rage gishiri da ka, aka ce lami. Ta ƙara, aka ce ɗaci. Direba kuwa kullum maganarsa ɗaya ce.

Uwar Tagwaye, ɗaya daga cikin shidan farko, ita ta kira ta.

"Malama, ni dai ba zan ɓoye miki ba. Jiya baban yaran nan cewa ya yi wai teku na tafasa masa? Da na ce ma'aunin Malama ne, sai ya ce to a gaishe da Malama, a tambaye ta laifin me ya yi mata."

Malama ta yi dariyar da ba ta wuce maƙogwaro ba. "Gishirin garinku ne, 'yar nan."

"Garinmu goma sha ɗaya ne, Malama, duk gishirin ne ya haɗa baki? Matan nan sun yi magana. Wata yarinya ta buɗe aji, suna ta komawa can. Mu da muka rage mun ce mu ga na Asabar ɗin nan. Don Allah ko ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau."

Ta ajiye wayar ta duba. Saura hamsin da biyu.

Washegari ta yi abin da ba ta taɓa yi wa abinci ba tun da ta fara riƙe ludayi. Ta dafa shinkafa da miyar kifi, ta ɗebi gishiri cike da tafin hannu har sau uku ta watsa, tana neman gafarar Allah a zuci. Ta zuba wa Direba, ta koma bayan labule. Ya kai loma ta farko, ya ɗan tsaya. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya sha ruwa, ya ci gaba. Tana kallo ya share kwanon nan har da suɗe gefe, gumi na tsiyaya daga goshinsa.

"Ta yi daɗi ƙwarai, Umma. Allah ya saka..."

Ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta shige ɗakin 'yarta ta zauna a bakin gado, ta zayyana mata komai, har da kwalaben cikin safa.

'Yar ta fara tuntsirewa da dariya, sannan ta ga fuskar uwar, dariyar ta koma hawaye. "Haba Umma! Wata ɗaya da rabi? Shi wannan ai ko takalmi kika dafa masa zai cinye ya yi godiya. Shi ya sa yake kwana shan ruwa kamar raƙumi, ni ina cewa ciwon suga ne!"

"Ke za ki ɗanɗana min?"

"Wallahi ko cokalin na gani sai cikina ya juya."

"To kira min shi."

Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Malama ta juya fuskarta wajen bango, don ita ma ba ta taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba.

"Ɗana, harshena ya mutu. Ba na jin gishiri, ba na jin tsami, ba na jin komai. Da bakinka nake auna abincin mutane, kai kuma kullum ta yi daɗi."

Ya ƙara sunkuyar da kai. "Ku yi haƙuri, Umma. Ban sani ba."

"Yanzu ka sani. Miyar ɗazu yaya take?"

"Umma..." Ya goge goshi. "Da ɗan... ai ba laifi."

"Ji shi!" in ji matarsa daga kan gado. "Kai, faɗi gaskiya mana, ba cinye ka za ta yi ba."

"Ke ki bari. Ni in buɗe baki in kushe girkin Umma? Da wane idon?"

Malama ta juyo, karo na farko ta dube shi sosai. "Kunyarka ta kore min mata tamanin da takwas. In na Asabar ya lalace, shi ke nan, na zama kaya a gidanka, ka ciyar da ni har in mutu. Ba ladabi nake roƙonka ba. Ka taimake ni."

Ranar Asabar, da yake ranar yakan wuni a hanya, ya nemi wani ya karɓar masa aikin rana. Ta ajiye masa kujera a lungun firji, inda waya ba ta kamawa, gwiwoyinsa na gugar murhu. Ta kunna fitila. Fuskoki suka fara bayyana a ƙananan akwatuna, arba'in da bakwai. Ta yi sallama, ta yanka albasa, ta soya kaza, ta zuba tumatir, bakinta na bayani hannunta na aiki kamar ba abin da ya faru. Da miya ta yi kauri ta ɗiba a cokali ta kai bakinta yadda ta saba, ta gyaɗa kai. Sannan ta ɗebi wani ta miƙa gefe.

Miya na tafasa. Mata arba'in da bakwai na kallon hannun Malama a miƙe zuwa inda ba sa gani. Ta ji numfashinsa, ta ji ya kurɓi miyar.

"Gishiri ya yi yawa, Umma."

Ya so ya faɗa a hankali, amma muryar mai kiran sunan tasha a bas ce, ta cika kicin ɗin ta shiga wayar.

"La! Malama, namiji ne a ajin?" in ji wata. "Wane ne wannan?"

Tana iya cewa rediyo ne. Ta duba fuskokin, ta ga Uwar Tagwaye ta matso kusa da gilashi. Sai ta ajiye ludayin.

"Surukina ne. Kusan wata biyu ke nan ba na jin ɗanɗanon komai. Na ɓoye muku, na tura muku abin da ban san yadda yake ba, kuka zuba wa mazanku da 'ya'yanku. Ku yafe min. Likita bai san ranar da ɗanɗanon zai dawo ba. Hannu nawa ne, baki nasa. Wadda ba za ta iya da haka ba, ban riƙe ta ba."

Akwatunan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce Allah ya ba da lafiya kafin ta fita, yawanci ko sallama babu. Malama ta tsaya tana kallo, hannunta dafe da gefen murhu har zafi ya sa ta janye. Lambar ta sauka talatin, ta sauka ashirin da biyar, ta tsaya a goma sha tara.

"To Malam suruki," in ji Uwar Tagwaye, "tun da ka fara sai ka ƙarasa. Yawan nasa kamar yaya?"

Direba ya dubi silin, ya dubi ƙafarsa. "A ƙara ruwa. Da dankali ko biyu."

Malama ta feraye dankalin. Ta zuba, ta jira, ta sake miƙa cokali.

"Yanzu fa?"

"Saura kaɗan, Umma. Ku yi haƙuri."

"Bar ba ni haƙuri, faɗi kawai."

Sai a cokali na biyar ya ce ta yi. Ta sa ya rantse, ya rantse, matan suka yi dariya, ta karanta musu ma'aunin a hankali suna rubutawa. Da aka kashe waya ta zauna a ƙasan kicin ɗin, bayanta jingine da firji. Mata goma sha tara ba za su riƙe ta ba, ta sani. Shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa ya rasa ko ya tafi ko ya zauna.

"Mako mai zuwa," ta ce ba ta ɗago ba, "wace rana ce ba ka da aiki?"