Isyaku Na Indabo da Barewar da Ya Hana Surukinsa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa daji, Ya watsa halittu a cikinsa, kowace da abincinta da irin tasbihinta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Malam Isyaku na Indabo ya ajiye aikin gadin gandun namun daji da ke kudancin Kano, ya dawo Wudil, amma har yau ban ga wanda ya taka ya yi masa barka da sauka ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, raina a ɓace.

Tun yana da baƙin gemu, da ya sallame asuba yake rataya gora ya bi bakin rafi a ƙasa. Sawu kawai zai duba ya san ɓauna ta sha ruwa, ko gwanki ya sauya makwanci. Ya kwance tarkon waya, ya share gefen daji da kaka don kada gobara ta tsallako. In hantsi ya yi sai ga masu yawon kallo, tunda arzikin man fetur ya sa kowa ya yi mota. Wani direba ya shaida mini cewa mutanenmu sukan shiga da rediyo a kunne, sannan su ce, "Baba, ina zakin? Mun fa ƙona mai!" Shi kuwa sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ni ne zakin, in na ji wannan kiɗa ƙaura zan yi."

To, ga laifinsa a wurin mutanen garinmu. Alhaji Sabo ɗan kwangila, yayan matarsa Hansai, ya gina sabon gida, ya so 'yar barewa a tsakar gida kamar yadda masu hali ke yayi. Kowa ya san ba a samun 'yar sai an harbe uwar. Isyaku ya tarar da maharban Alhaji, uwa a kwance cikin jini, 'ya a ɗaure, ya ƙwace ta. Alhaji ya je wurinsa da kansa.

"Isyaku, ni ne fa. Ƙanwata ce a gidanka. A kan akuyar daji za mu ɓata?"

"Yaya Alhaji, da tawa ce da na ba ka har da igiyar. Amana aka ba ni."

"To riƙe amanarka, in riƙe ƙofata."

Alhaji kuwa ya riƙe ƙofarsa. Tun daga ranar Hansai ba ta sake taka gidan ɗan'uwanta ba, biki ko suna ba a gaya mata. Gari kuma ya bi mai kuɗi, har ana kiran Isyaku makiyayin birai. Subhanallahi! Malamanmu sun karantar da mu cewa dabbobi al'ummu ne kamar mu, mun ji, mun gyaɗa kai, sannan muka juya baya ga wanda ya yi aiki da karatun. Kakanninmu sun ga gada a bayan ƙauyen Ɗankaza. Jikokinmu sai dai su ji sunanta.

Kai ne, Isyaku, ka shayar da marainiyar nan nonon akuya har ta iya gudu, ka mayar da ita cikin 'yan'uwanta. Kai ne mai amana da bai sayar ba, bai kuma rama ba. Mun gode, Allah Ya saka. Masu tasowa, ga abin koyi.

Kai kuma Alhaji Sabo, Hansai ta tsufa, idonta ya fara rauni. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan tsaya a ƙofarka har ka fito mu tafi gidan Isyaku tare. In ka ƙi, a nan zan shimfiɗa buzuna, kowa ya tambaye ni dalili, ni kuwa ka san ba na ƙarya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haskaka kaburburansu. Mai karatu, Allah Ya ba ka ikon riƙe abin da aka damƙa maka. Amin.